Kwamfutarka tana ɗaukewa haka kawai kana tsakiyar aiki? Duba waɗannan kafin ka yarda a yi maka fomatin

Kwamfutar da ke mutuwa da kanta tana cikin matsalolin da suka fi cinye wa mutane kuɗi a garin nan na Jos, kuma yawanci gyaran bai da wani tsada, abin da ke faruwa shi ne ana gyara abin da ba shi ne ya lalace ba. Mutum zai ɗauke ta ya hau keke ya nufi kasuwar Terminus, a ce masa bairos ne sai an yi fomatin, ya biya, a goge masa komai har da firojet ɗin makaranta da hotunan biki, ya dawo gida bayan kwana biyu ta ci gaba da ɗaukewa kamar ba a taɓa ta ba, daga nan kuma sai a ce ai bod ne ya tafi, wato babban allon cikin kwamfutar da komai ke jone a kansa. Wallahi abin yana ci min rai, don sau da yawa ƙura ce kawai ta toshe fanka, ko caja ce ba tata ba, ko batir ne ya gaji. Akwai masu gyara na ƙwarai a garin nan, amma ko su idan ka je ka ce musu "tana mutuwa" kawai ka yi shiru, to lalube za su yi. Shi ya sa nake so ka fara binciken da kanka a gida.

Kafin komai, yau ɗin nan ba gobe ba, ka kwashe abubuwanka masu muhimmanci ka zuba a filash ko ka tura su Google Drive. Duk lokacin da kwamfuta ta ɗauke tana cikin rubuta wani abu a had dis, akwai yiwuwar fayil ya lalace, wata rana ma Windows ɗin ne zai ƙi tashi gaba ɗaya.

Yadda take mutuwa shi ne rabin amsar

Ka zauna ka lura da ita sosai, in da hali ka samu takarda ka riƙa rubutawa. Ɗif take ɗaukewa ba sallama, fanka ta tsaya, fitilu su mutu? To wannan galibi zafi ne ko wuta. Ko kuwa mutuwa take ta sake tashi da kanta? Wannan ya fi karkata ga ram (inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin), ko direba (ƙaramin furogiram da ke sa Windows ya yi aiki da wani sashen kwamfutar), ko fawa fak (akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar tebur) da ya fara rauni. Ko tana nuna maka Shutting down tana rufe komai a tsanake kamar kai ka ba ta umarni? To wannan wani abu ne a cikin Windows yake kashe ta, ko batir ya kai ƙarshe. Akwai kuma wadda sikirin ne kawai yake yin baƙi amma fanka tana juyawa, fitilar gefe tana ƙiftawa, ita wannan ba ta mutu ba, barci ta shiga ko kuma matsalar sikirin ce.

Sannan ka lura da lokaci. Minti goma ko ashirin bayan kunnawa, kuma idan ka sake kunna ta nan take sai ta mutu da wuri fiye da na farko? Zafi ne, kusan ba tantama. Sai ka buɗe gem ko kana editin ɗin bidiyo ko kana Zoom take ɗaukewa? Zafi ko ƙarancin wuta. Sai ka ɗaga ta ko ka motsa wayar caja? Wani abu ne ya saki. Da zarar an ɗauke nepa ko an juya zuwa janareta? Batir ko UPS, wato akwatin batir da ke riƙe wa kwamfutar tebur wuta idan an ɗauke. Idan kuma duk bayan awa ɗaya cif take mutuwa, riƙe wannan a ranka, zan zo kansa a ƙasa.

Windows da kansa yana ajiye labarin abin da ya faru. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka nemi daidai lokacin da ta mutu. Lambobi kaɗan ne za ka kula da su. Idan ka ga 41 da sunan Kernel-Power, ko 6008, ma'anarsu ta mutu ba a kan ƙa'ida ba. Mutane da yawa suna ganin 41 sai su ce shikenan fawa fak ne, a'a, 41 ba ya faɗin dalili, yana tabbatar maka ne kawai cewa ɗaukewa ta yi. Idan ka ga 1074, wannan kam ka dace, don zai rubuta maka sunan furogiram ɗin da ya ba da umarnin kashewa. Idan kuma 1001 ne mai BugCheck, to shuɗin sikirin ne ya faru, wato saƙon da Windows ke nunawa idan ya yi karo, ko da idonka bai gani ba. Wanda Event Viewer ya yi masa yawa, ya danna Windows da R ya rubuta perfmon /rel, zai ga jadawali rana bayan rana da jan alama a duk ranar da aka samu matsala, ya fi sauƙin karantawa.

Akwai gwaji guda da nake ganin ya fi kowanne amfani kuma ko sisi ba ya ci. Ka kashe ta ka kunna ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga ta danna wani maɓalli da zarar an kunna ta, a HP Esc ne sannan F10, a Dell F2, a Lenovo F1 ko F2, a yawancin kwamfutocin tebur Delete. Ka bar ta a wurin kamar awa ɗaya kar ka taɓa komai. A BIOS Windows bai tashi ba tukuna, bairos ba ya aiki, direba ba ya aiki. Idan ta mutu a can, to duk wanda ya ce maka fomatin ne magani kar ka yarda, matsalar a jikin ƙarfen take. Idan ba ta mutu ba, ba hujja ce cewa ƙarfen lafiya lau ba, tunda a BIOS ba wani aiki mai nauyi take yi ba, amma dai ka rage hanya.

Zafi, a garin sanyi

Mutane suna mamaki idan na ce zafi ne ya fi kashe kwamfuta a Jos. Garin da ke kan tudu mai kusan mita 1,200, wanda a Disamba da Janairu sai ka sa rigar sanyi biyu? To sanyin ma yana daga cikin dalilan. Da daddare ɗalibi a Angwan Rogo ko Farin Gada zai shige cikin bargo ya ɗora laftof a kan katifa ko a kan bargon, alhali ta ƙasa take shaƙar iska ta fitar ta gefe ko ta baya. Ka toshe ƙasan ka toshe komai. Ɗakin yana da sanyi, amma furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a ciki yana dahuwa. Ga kuma hunturu, daga wajen Nuwamba har Fabrairu ko Maris ƙura ce mai laushi take shiga ko'ina, fanka tana zuƙo ta tare da zaren bargo da gashi, su taru a bayan siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita har su zama kamar audugar katifa. Daga waje ba za ka gani ba. Fanka tana ta ihu amma ka sa hannu a bakin mafitar ba ka jin iska sai ɗan hucin zafi.

Furosesa yana da iyakar zafin da zai ɗauka, yawancin na Intel wajen digiri 100 ne, na AMD Ryzen da yawa 95. Idan ya kusa nan sai ya fara rage gudu da kansa, shi ya sa za ka ji ta yi nauyi tana maƙalewa kafin ta mutu, idan hakan bai isa ba sai ya yanke wuta gaba ɗaya don kar ya ƙone. Wato kashewar kariya ce. Amma a riƙa maimaita hakan kullum yana gajiyar da bod da batir.

Don ka tabbatar, sauke HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne, ka sauke daga shafin masu su. Ka buɗe ka ga lamba tana zaune ba aiki, 35 zuwa 55 ba laifi. Ka sa ta aiki mai nauyi, ta kai 70 ko 85 ma ba abin tashin hankali ba ne musamman laftof. Amma idan tana zaune kawai tana 75, ko ka buɗe YouTube ta haura 95 ta tsaya a can, ka samu mai laifi. Masu HP ku lura, idan kun kunna ta nuna baƙin sikirin da rubutu mai lamba 90D, tana gaya muku ne zafi ya sa ta kashe kanta. 90B kuma fanka ce ba ta juyawa yadda ya kamata. ThinkPad ita kai tsaye take rubuta Fan error. Yawancinmu Enter muke dannawa mu wuce ba mu karanta ba.

Gyaran farko shi ne ka sauke ta daga kan gado. Tebur, faranti, katako, ko babban littafi mai tauri, sannan ka ɗan ɗaga bayanta iska ta samu hanya. Na biyu shara. Ka kashe ta, ka cire caja, ka cire batir idan mai fita ne, idan na ciki ne to da ka buɗe murfin ƙasa abin farko da za ka yi shi ne zare wayarsa daga bod. Ka nemi bidiyon buɗe irin taka a YouTube da lambar da ke rubuce a ƙasanta, don wasu sukurori suna ɓoye a ƙarƙashin robar ƙafa, kuma wasu tsofaffin HP Pavilion sai an cire kibod da kusan komai kafin a kai ga fanka, irin waɗannan gara ka kai wa mai gyara. Ka jera sukurorin yadda ka cire su saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo ya shiga ramin gajere zai iya huda wani abu. Ka sa buroshi mai laushi, sabon buroshin fenti ƙarami ya isa, da bulowa idan kana da ita. Ka riƙe fankar da yatsa lokacin da kake hura iska kar ta yi ta juyawa da ƙarfi. Kar ka hura da baki saboda yawu. Kuma don Allah kar ka kai ta wurin mai faci ya hura mata iskar taya, iskar tana da ƙarfi fiye da kima kuma tana zuwa da danshi.

Idan ka share amma zafin bai sauka sosai ba, saura man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke jan zafi. Yawancin laftof ɗin da muke saye tokumbo ne, sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso nan, man ya bushe ya zama garin ƙasa. Ana goge tsohon da sifirit da ƙyalle mai tsabta, a ɗiga sabo kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa a laftof, kamar ƙwayar wake a ta tebur, a mayar da ƙarfen a ɗaure sukurorin bi da bi yadda aka sa musu lamba 1, 2, 3, 4. Yawan man ba ya ƙara sanyi. Man goge baki kuma ba madadinsa ba ne ko da wani ya rantse maka ya gwada. Idan fankar ce ke ƙara kamar tana gogar wani abu ko sai ka taɓa ta take tashi, canza ta za a yi, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na bod ba.

Wuta

A laftof abu biyu ne, batir da caja. Idan batirin mai fita ne gwajin da sauƙi, cire shi ka yi aiki da caja kaɗai. Ta daina mutuwa? Batir ne. Ta ci gaba? Ka ari cajar wani mai irin taka ka gwada. Idan na ciki ne, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter, zai gaya maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe shi ka kwatanta Design capacity da Full charge capacity. Na farko abin da batirin ke ɗauka yana sabo, na biyu abin da yake iya ɗauka yanzu. A ce na farko 45,000 na biyu 14,000, ka ga saura ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Irin wannan batirin ne zai nuna maka kashi 40 ko 50 sai kawai ta ɗauke, saboda da an nemi wuta da yawa lokaci guda sai ya durƙushe. HP tana nuna lamba 601 wajen tashi idan batir ya yi rauni. Idan kuma ka ga wurin maus ɗin ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko ba ta zama daidai a tebur, batirin ya kumbura, ka daina caja nan take, kar ka danna shi kar ka huda shi, a cire shi. Wannan zai iya kama wuta, kuma a ɗakin da ake kwana da yara ba abin wasa ba ne.

Caja kuma, baki ya shiga rami ba shi ne ta dace ba. Juya ta ka karanta. HP da Dell yawanci 19.5V ne, Lenovo 20V, Acer da Asus da Toshiba 19V. Sannan ka duba wat, akwai 45W, 65W, 90W har sama. Laftof mai buƙatar 90W ka ba ta 45W, za ta yi aiki kana rubutu a Word, amma ka sa ta aiki mai nauyi sai wutar ta gaza, idan batirin ma ya mutu to babu mai tallafa mata sai ta ɗauke. Wat ya fi yawa ba matsala, ya gaza ne matsala. Cajar HP da Dell masu zagayen baki suna da siririyar allura a tsakiya wadda da ita kwamfutar ke gane cajar, idan ta karye ko ta lanƙwashe sai ta ƙi caji ko ta rage gudu. Cajar jabu kuma za ka ji ta shafal ba nauyi, tana zafi sosai, wani lokaci maus ya riƙa tsalle idan an jona ta. Ka kuma girgiza wayar a hankali a daidai inda ta shiga jikin laftof, idan fitilar caji tana kawowa tana ɗaukewa to ramin cajin ne ya saki, ƙaramin gyara ne.

Ta tebur ita ba ta da batir, don haka ko ƙiftawar ido wuta ta yi sai ta mutu ko ta sake tashi. Wutar ƙasar nan a ƙa'ida 230V ce, amma kowa ya san yadda take zuwa da yamma idan unguwa ta cika, ƙwan fitila ya yi ja, fankar sama tana juyawa da ƙyar. Cajar laftof tana jure wannan tunda an rubuta mata 100 zuwa 240V, tsohon fawa fak na kwamfutar tebur kuwa ba lallai ba. Ka lura ko tana mutuwa ne daidai lokacin da firiji ya tashi, ko aka kunna famfon borehol, ko mai walda na kusa ya fara aiki. A lokacin sanyi kuma ana yawan jona hitar ruwa ko dutsen guga a ekstenshan ɗaya da kwamfuta, wannan kaɗai ya isa. Ka ba ta soket nata ita kaɗai a bango, ka taɓa filogin ka ji ko yana zafi ko ya yi baƙi, ka canza wayar wutar da wata, irin ta ce a jikin monita da firinta da yawa.

Idan wutar unguwarku mai hawa da sauka ce, stabilaiza za ta taimaka, amma ba ta riƙe wuta idan an ɗauke, wannan aikin UPS ne. UPS ɗin ma batirin cikinsa, yawanci 12V 7Ah a ƙananan, shekara biyu zuwa uku yake yi, a yanayin wutarmu wani ma bai kai haka. Gwada shi, kwamfuta tana kunne ba ka aikin komai ka kashe soket ɗin bango, idan ta mutu tare da shi to batirin ya gama, batirin za ka canza ba UPS ɗin duka ba. Da ƙaramin janareta kuma za ka ji UPS yana ta ƙas ƙas yana shiga batir yana fita, saboda wutar injin ba ta tsayawa wuri ɗaya, a haka batirin zai ƙare ana cikin aiki ya kashe maka kwamfuta alhali inji yana kunne. Kar a tayar da inji kwamfuta tana jone, a bari ya daidaita tukuna, haka wajen kashewa a fara kashe kwamfuta. Da damina kuma, irin tsawar da ake yi a Filato, da hadari ya haɗu ka zare filogi daga bango gaba ɗaya, kashe makunni kawai bai isa ba.

Shi kansa fawa fak yana tsufa. Alamarsa ita ce tana mutuwa idan aiki ya yi nauyi alhali zafi lafiya lau, ko sai ka danna sau biyu sau uku kafin ta tashi, ko kana jin ƙauri. Hanyar tabbatarwa ita ce a sa wani mai lafiya a gwada. Kar ka buɗe cikinsa ko da ka cire daga wuta, akwai kafasito da ke riƙe wuta mai iya illata mutum. Wasu tsofaffin suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230, a tabbata yana kan 230, idan yaro ya tura shi 115 aka jona, fashewa zai yi. Tunda ka buɗe akwatin, ka haska tocila a kan bod ka duba ƙananan gwangwanayen nan, samansu ya kamata ya zama a shafe, wanda ya kumbura ko ya zubo da abu ruwan ƙasa ya lalace, kuma mai gyaran da ya iya aiki zai canza su ba sai an sayi sabon bod ba. Ka duba kyankyasai da tururuwa ma, suna son ɗumin wurin.

Idan mutuwa take ta sake tashi

Windows yana zuwa da saitin da ke sa ta sake tashi nan take idan ta yi karo, har ba ka samun damar karanta abin da ta rubuta. Danna Windows da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, ƙarƙashin Startup and Recovery danna Settings, ka cire alamar Automatically restart. Nan gaba shuɗin sikirin zai tsaya, a sabon Windows 11 baƙi ne, ka ɗauki hotonsa da waya. MEMORY_MANAGEMENT yana nuni ga ram, VIDEO_TDR_FAILURE direban hoto, WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR yawanci ƙarfe ne ko zafi.

Ram yana da saurin dubawa. Rubuta mdsched a wurin nan na Windows da R, ta sake tashi ta gwada kanta, MemTest86 ya fi shi zurfi idan za ka iya barin ta ta kwana tana yi. Ko ka cire ram ɗin, ka goge bakin zinaren da kilinar fensir a hankali, ka mayar har ka ji ya ce ƙas. Idan guda biyu ne gwada ɗaya bayan ɗaya. Ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa shi, da hunturu jiki yana tara wutar nan da ke ɗan jan mutum idan ya taɓa ƙofar mota, kuma tana kashe ram. Had dis kuma CrystalDiskInfo zai nuna maka, Good lafiya, Caution ka kwashe kayanka ka fara neman SSD, sabon nau'in ma'ajiya da ke maye gurbin had dis. Dell da HP suna da gwajin kansu ma, a Dell F12 sai Diagnostics, a HP Esc sai F2.

Sai a nan ne za mu zo kan Windows. Idan matsalar ta fara ne bayan ka sa wani furogiram ko direba ko bayan ofdet, cire shi ka gani, ko ka shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai, ka yi aiki a can. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta sfc /scannow ya gyara fayilolin da yawan ɗaukewar ya lalata. Ka yi cikakken sikanin da Windows Security, kuma idan kana da antibairos biyu cire ɗaya. Bairos mai kashe kwamfuta an yi shi da gaske, Blaster a 2003 da Sasser a 2004 sun addabi Windows XP suna ba mutum daƙiƙa 60 kafin ta mutu, ina jin tun daga lokacin ne maganar ta zauna a bakin mutane. Na yanzu sun fi son ta zauna a kunne, sai dai masu haƙar kirifto a ɓoye da ke zuwa cikin gem da furogiram na sata suna sa furosesa aiki ɗari bisa ɗari har zafi ya kashe ta, ka duba Task Manager ka ga wa ke cin CPU, wato furosesa, alhali ba ka buɗe komai ba.

Ita kuma mai mutuwa duk bayan awa ɗaya, danna Windows da R ka rubuta winver ka duba, ko ka kalli kusurwar dama ta ƙasan sikirin. Idan ka ga Evaluation, an sa maka Windows na gwaji ne mai kwana 90, idan ya ƙare haka aka tsara shi ya riƙa kashe kwamfuta duk awa, a Event Viewer za ka ga 1074 da sunan wlms.exe. A nan kam sai an sake sa Windows na gaskiya. Ka kuma sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, wannan ba ya kashe kwamfuta, amma idan za a sake sawa ka tambaya ko taka za ta ɗauki 11.

Wadda sikirin kawai ke baƙi, shiga Power Options ka duba bayan minti nawa aka ce ta yi barci. Laftof tana gane an rufe murfi ne da maganaɗisu, don haka agogon hannu mai maɗaurin maganaɗisu, ko waya, ko ɗora ta a kan wata laftof da ke rufe, duk suna iya sa ta barci kana cikin rubutu. A ta tebur kuma maɓallin kunnawa da ya maƙale da datti yana kashe ta bayan 'yan daƙiƙu da tashi.

Idan ka bi duk wannan, zafi daidai, caja da batir lafiya, ram ya wuce gwaji, amma tana mutuwa har a BIOS, to yanzu ne maganar bod ta taso kuma lokacin mai gyara ya yi. Ka je da cajarka da takardar da ka rubuta da hotunan da ka ɗauka, ka ce masa malam ga abin da na gwada ga abin da na gani. Ka roƙe shi ya buɗe a gabanka, ka ɗauki hoton ram da had dis ɗinka da lambobinsu, ka gaya masa a fili kar a yi fomatin sai an kira ka, duk abin da aka canza kuma a ba ka tsohon. Idan an ce an gyara kar ka karɓa ka tafi, ka zauna a shagon ka sa ta irin aikin da ke kashe ta a gida na aƙalla rabin awa kana kallon lambar zafi a HWMonitor. Idan kuma kuɗin gyaran bod ɗin ya kusa rabin kuɗin wata tokumbo irinta, gara ka cire had dis da ram ɗinka, ka sayar da sauran a matsayin kayan gyara ka cika ka sayi wata.